Wasiƙun da Ba Su Isa Gida Ba

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa ban san abin da zan yi da safiyata ba. Sai in yi salla, in sha shayi, in zauna a ƙofar gidana a unguwar Boutalbagar ina kallon masu babur suna wucewa. Ana cikin haka wata mata da muka taɓa koyarwa tare ta aiko in je. A lokacin ta koma aiki a wani ɗakin ajiyar tsofaffin takardu a cikin gari.

Da na je, ta sa aka ɗauko wani kwalin takardu da aka ɗaure da igiya. Ta ce mini da Larabcin gari, "Mun ɗauka Larabci ne, amma duk wanda ya duba sai ya ce haruffan sun fito, ma'ana babu. Wani ya ce yarenku ne."

Na ɗauki ta sama. Ajami ne, Hausa ce tsantsa. Kakana ne ya koya mini karanta shi. Shi kuwa yana yaro iyayensa suka taso daga ƙasar Kano za su Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin garin nan, suka ce bari su huta damina ɗaya. Ga mu nan har yau.

Wasiƙu ne na mutanenmu da aka kwasa lokacin yaƙin Turawa, wato yaƙin duniya na biyu, sa'ad da garin nan ake ce masa Fort-Lamy. Wasu soja, wasu 'yan dako, wasu masu jan raƙuma, aka yi arewa da su cikin hamada. Abokiyar aikina ta ce a nata zaton, dole ne a karanta kowace wasiƙa kafin a bar ta ta wuce, kuma ba a sami mai karanta waɗannan ba, sai aka ajiye su gefe. Daga ajiyewar nan ba wanda ya sake komawa kansu.

Na karɓi aikin. Ɗakin ba iska, fanka ɗaya ce, ita ma sai in da wuta. Gara ta ci gefen wasu takardun, wasu tawada ta koɗe ta zama kamar ruwan shayi. Nakan karanta, in juya zuwa boko, sannan in fassara da Faransanci. Da farko ina ɗokin in ji labarin yaƙi. Ban samu ba. Gaisuwa ce, sai gaisuwa, sai kuma gaisuwa. Wani ya ce takalminsa ya tsage. Wani ya ce kada a sayar da akuyarsa mai farin goshi. Wani ya ce ruwan rijiyoyin can gishiri ne, cikinsa bai daina ciwo ba. Kusan duka suna ƙarewa da cewa sun aiko takarda a baya ba su ji amsa ba, ko lafiya?

Wannan tambayar ce ta fi gajiyar da ni. In na koma gida da yamma, idona na zafi, wuyana ya ƙage, matata ta ce, "Kai da ka huta, me ya kai ka?"

Wata rana na ci karo da wasiƙar wani mutum zuwa ga matarsa. A bayanta an rubuta a kai gidan marina da ke bayan masallacin mahauta. Na san na taɓa jin gidan nan a bakin gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ba abin da ya shige mata duhu a zuriyar Hausawan garin nan. Na je na tambaye ta. Ta ce gidan ya rushe tun yaƙin da ya sa muka tsallaka kogi zuwa Kousseri, amma mutumin yana da 'ya, tana unguwar Habbena wajen jikokinta, ta tsufa ƙwarai.

Na roƙi abokiyar aikina ta ba ni wasiƙar in kai mata. Ta ce ba ta da iko, takarda ba ta fita daga ɗakin. Ta yi mini fotokopi, ya fito baƙi-baƙi, na ninke na sa a aljihu.

Na sami tsohuwar a tsakar gida a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, tana tsince kuɓewa busasshiya a faifai. Muka gaisa, ta tambayi gwaggona, aka kawo mini ruwa. Sannan na ce, "Iya, takarda na kawo miki. Daga wajen mahaifinki."

Ta dube ni ta ce, "Malam, mahaifina ai bai dawo ba."

Na ce na sani. Na yi mata bayanin kwalin. Ta ajiye faifan ta ce in karanta.

Na karanta a hankali. Yana gaida matarsa, da uwarsa, da maƙwabta gida-gida. Ya ce sanyin dare a can ya fi ƙarfin bargon da aka ba su. Ya ce a gaya wa ƙaninsa ya riƙa juya baban rini a karofi kada ya lalace. Ya ce matarsa ta rage ɗaukar ruwa daga kogi saboda abin da ke jikinta. Sai sallama.

Ta ce, "Bai ambace ni ba?"

Na ce, "Iya, ba a haife ki ba tukuna. Abin da ya ce yana jikin mahaifiyarki, ina jin ke ce."

Ta gyaɗa kai. Ta miƙo hannu na ba ta takardar. Ta shafa ta, ta kai kusa da idonta, ta ce, "Wannan ce ya taɓa?"

Na ce a'a, hotonta ne, ta ainihin tana can a ajiye.

"Rubutunsa ne?"

Na ce ban tabbata ba. Na ga irin wannan hannu a wasiƙu da yawa, ina zaton wani malami ne a cikinsu yake rubuta musu.

Ta ce, "Haka ne. Innata ta ce bai yi karatu ba." Ta ninke takardar ta sa ƙarƙashin tabarma. "Ta jira shi har gashinta ya yi fari. Ta mutu tana cewa ya manta da ita. Da ita ka kawo wa, Malam. Ni me zan yi da ita yanzu?"

Ba ta yi kuka ba. Ta ja faifanta ta ci gaba da tsintar kuɓewa. Da na tashi tafiya ta ce in sake karanta mata wurin da ya yi maganar ɗaukar ruwa. Ta ciro takardar, na karanta, ta ce Allah ya yi mini albarka.

A hanyar komawa na tsaya a bakin titi ina jiran mota. Da na fito daga gida na ɗauka farin ciki zan kai. Ban sake neman iyalan kowa ba bayan ita, ko da yake akwai wasu gidajen da na gane.

Na ci gaba da aikin har damina ta shigo. Sai masu ɗaukar nauyinsa suka ce sun tsaya nan, ban kai ko rabin kwalin ba. Abokiyar aikina ta ba ni haƙuri, ta ce in an sake samun hali za ta kira ni. Muka jera waɗanda na karanta a gefe ɗaya, waɗanda ban taɓa ba a ɗaya gefen, ta sa farar takarda a tsakani.

Tsohuwar ta rasu bayan babbar salla. Na je gaisuwa, na zauna da maza a rumfa har aka yi la'asar. Likita kuma ya ce idona na dama ya fara yin yana, in daina karanta ƙananan rubutu.