Ruwan Shuka a Kamfanin Fata

Kafin jirgin ƙasa ya iso Gusau na yi aiki a wani ɗan kamfanin sayen fata da ƙirgi. Mu goma sha ɗaya ne, har da mai kora jakai. Ni ke zaɓen fata, in ware mai kyau da wadda wuƙa ta huda, kuma ba yabon kai ba, hannuna bai cika kuskure ba.

Maigidanmu tsohon falke ne, mai faɗa kamar me, amma ba ya cin abinci shi kaɗai. Kullum da azahar akwai furarmu, da salla akwai riga, wanda aka yi wa haihuwa kuma ragon suna daga garkensa yake fitowa. Da ciniki ya buɗe sai ya ɗauko akawu daga kudu, mutum mai tsabta da son tsari, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Shi ya kawo mana ƙararrawa, ya kuma kafa doka: wanda ya yi fashin aiki ba izini, a bakin aikinsa.

Wata Talata da la'asar, maigida yana Tsafe wajen sayen fata, aka yi ruwa mai yawa, na farko da ya jiƙa ƙasa sosai a shekarar. Gonata tana Furfuri, gefen Bungudu, kuma da ita nake ciyar da tsohuwata da iyalina. Kowannenmu yana da irin tasa. Aka tura ni wurin akawu don ni ne mai baki.

Na ce, "Malam akawu, ruwan shuka ya sauka. Muna son kwana biyu mu tahi gona."

Ya duba takardarsa ya ce, "Ku bari sai Lahadi, ai ranar hutu ce."

Wallahi sai da na danne dariya. Na ce, "Malam, ƙasa ba ta san Lahadi ba. Nan da jibi ta bushe, iri sai ya ƙone."

Ya ce doka doka ce, kuma ni zai fara sallama tunda ni na zo.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Aiki irin wannan ba a tsintarsa a hanya. Amma na san in na rasa shukar fari, rigar salla ba za ta cika min rumbu ba. Muka kwashe fatun da ke shanya muka jera su a inuwar ɗaki yadda laima ba za ta taɓa su ba, muka ɗaure na ɗaurewa. Da asuba kowa ya kama hanyar garinsu. Kwana biyu ina sara da sungumi, ƙannena suna bina suna zuba iri suna rufewa da ƙafa, zuciyata kuwa tana Gusau.

Ranar Juma'a da safe muka dawo muka tarar da maigida zaune kan buzu a ƙofar kamfani, akawu na tsaye yana zayyana masa laifinmu. Ya bari har ya gama, sannan ya dube ni.

"Kai ne ka ja su?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Kun gama shukar?"

"Mun gama."

Ya juya wajen akawu ya ce, "Malam, da na iske ɗayansu nan ranar Laraba, shi zan kora. Wanda ya bar gonar uwatai ta bushe, mi za ya yi da fatata? Rubuta cikin takardarka, ruwan shuka kwana ukku ne, kowace shekara."

Akawu ya rubuta, ina tsaye ina kallon alƙalaminsa yana tafiya. Ban iya karatun boko ba har yau, amma na san layin nan ni na sa aka rubuta shi.