Kifayen Malami da Rijiyar Gida

Malami manomin albasa ne a Danwarai, har ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Gona ta koma hannun ƙanensa Haliru, shi kuwa ya koma zaman ɗaki yana faɗa da duk wanda ya leƙo. Ɗiyarsa Bushira, mai karatu a jami'a, ta kawo masa akwatin gilashi da ƙananan jajayen kifaye daga Jega, ko ya rage kaɗaici.

Tsaki ya fara yi. Amma bai jima ba ya san halin kowanne, da mai haɗama da mai laɓewa bayan dutse. Da hannunsa mai lafiya yake ba su abinci.

Damina na kankama kifayen suka daina ci. Launinsu ya koɗe, suka kwanta ƙasa suna numfashi da ƙyar, gansakuka ta rufe gilashin. Ya sa matarsa Iklima ta riƙa sauya musu ruwa daga rijiyar gida, abin sai ƙaruwa yake. Suka fara tasowa ciki a sama. Ya ce Iklima ce ke barin sabulu a bokiti, ya yi ta zazzaga mata masifa har ta yi kuka.

Da Bushira ta zo hutu, ta tsoma tsinken gwajin ruwa a akwatin, ya yi ja. Ta tsoma wani a gugan ruwan rijiya, ya yi jawur.

Ta ce, "Baba, sinadarin nitiret ya yi yawa. Kashin kifi kan tara shi, amma wanga daga rijiya yake. Akwai shi cikin takin zamani, kuma yana cutar da jarirai."

Malami ya ja ƙafa, yana dogara sanda, har bayan gida. Ga buhunan takin Haliru jibge a rumfa mai yoyo, ruwan sama ya yi hanya daga ƙarƙashinsu zuwa bakin rijiyar da ya zube.

Ya ƙwala wa Haliru kira.

"Ban hana ka aje taki nan ba?"

"Haba Yaya, kan kifi za ka tara mini jama'a?"

"Kifi? Da wane ruwa matarka ke dama wa jaririnku koko? Don na kwanta ka ɗauka na mutu?"

Ya maka sandar a jikin buhu, ya tafi zai faɗi, Bushira ta tare shi.

A ranar aka kwashe takin. Malami ya sa aka rufe rijiyar da kwanon rufi, gidan ya koma ɗibar ruwa a famfon unguwa. Kifi biyu suka rayu. Haliru ya yi ta aiko dattawa ba da haƙuri, amma har aka cire albasar rani Malami bai amsa gaisuwarsa ba.