Inda Ƙofar Take a Da

Har yau Mai Walda muke ce masa a layinmu, ko da yake rabonsa da riƙe ƙarfe tun ɗansa yana firamare. Wutar waldar ce ta cinye masa idanu a hankali, don mutum ne mai taurin kai da ya ɗauki gilashin kare ido a matsayin kayan ragwaye. Da ganin ya ɗauke gaba ɗaya sai ya koma saƙar kujeru da igiyar roba. A kawo masa ƙarfen kujera tsirara, ya shafa shi sau ɗaya, kafin yamma ka zo ka zauna a kai. Launi kawai yake tambaya, shi ma matarsa ce ke zaɓa.

Shagona na ɗinki yana kallon gidansa. Titi ne tsakaninmu, nawa a tudu, nasa a gangare. Shekara da shekaru in na ɗaga kai daga keke shi nake gani a bakin ƙofa, igiya a haƙora, matar tana gefe tana zuba. Rediyo muke kiranta, kuma ta san da haka, har amsawa take yi. Matar nan in ta buɗe baki da safe ba ta rufe shi sai barci ya sace ta. Ta yi faɗa da kaji, ta yi da mai kawo ruwa, ta yi da gwamnati, in duk sun ƙare ta dawo kan mijin. Ni da ita mun yi rigima ba adadi, mafi yawa a kan zaren da take ara ba ta mayarwa.

Amma muryar nan ita ce idonsa. Bai taɓa riƙe sanda a layin ba. Yakan je bakin babban titi ya sayo igiya, ya dawo yana bin gefen kwata, ya taɓa turken wutar lantarki, daga nan sai ya saurara. Inda masifa take fitowa, nan ne gida. Ya gangara, ya ɗaga ƙafa ya tsallake karyayyen dakalin da ke bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai don ƙofar gajera ce, ya shige kamar mai ido biyu. In an yaba masa sai ya ce, "Ai ni ba na ɓata. Wanda ya auri jiniya ina shi ina ɓata?"

Ruwan ya zo da rana tsaka, bayan an kwana biyu sama ba ta ɗauke ba. Babbar magudanar da ke bayan unguwa ce ta fashe. Kafin mu ankara kwata ta zama kogi, bokitai da takalma suna wucewa. Rediyo ta jawo mijin ta tsallako da shi titi, ruwa har cinya, ta danƙa mini hannunsa a kan matakalar shagona. Sai ta tuna da kujerun mutane da ke cikin ɗaki. Na riƙe mata zane, ta fizge. Muna jin ta daga cikin ƙofar tana zagin ruwan, tana kuma ɗaga murya ga mijin: "Kai dai ka tsaya nan, kada in fito in tarar ka..." A nan bangon gaba ya kwanta. Ba ƙara mai yawa ya yi ba. Hannunsa yana cikin nawa, na ji ya matse, ya karkata kai yana jiran ta ƙarasa maganar.

Bayan an binne ta aka kai shi zauren coci tare da sauran waɗanda suka rasa muhalli. Ɗansa ya zo daga babban birni, inda yake tuƙa motar wani kamfani. Yaro ne mai hankali, kuma bai ɓoye abin da ke ransa ba.

"Baba, in an gyara gidan na ga kana iya zama kai kaɗai, shi ke nan. In ba haka ba, tare za mu tafi."

"Ka kai ni bene ka shanya ni kamar tsumma?" in ji uban. "A gidana zan mutu. Na san shi ya san ni."

Daga nan kowa a layin ya san abin da ake ciki, ko gidan ya riƙe shi, ko mota ta ɗauke shi.

Matasan cocin sun zo a bayan wata babbar mota, da riguna iri ɗaya, da shebur da baro, suna waƙa. Na dube su na taɓe baki. Na ce waɗannan hannayen da ba su san komai ba sai latsa waya, da azahar za su gudu. To, na ci maganata. Yaran nan sun kwashe laka har tafin hannunsu ya yi kanta ya fashe, sun ɗauki bulo a ka, maza da mata, ba su tambayi mai gida inda yake ibada ba kafin su shiga masa aiki. Shugabarsu wata siririyar yarinya ce mai karatun gine-gine, suna ce mata Injiniya. Tana da murya ƙarama, amma in ta ce a sake kwaɓa siminti, har tsohon maginin da suka ɗauko sai ya sake yana ƙunƙuni.

Da suka zo kan gidan Mai Walda sai suka ce wannan na musamman ne. Makaho ne, ya rasa mata, dole a yi masa abin da ya fi na kowa. Injiniya ta duba inda ruwa ya bi ya shiga, ta ce ƙofar da ke kallon gangare ita ce ta jawo masa. Suka ɗaga ginin, suka toshe gaban gaba ɗaya, suka mayar da ƙofa gefen tudu, doguwa mai faɗi, da matakala da ƙarfen riƙewa. Suka shafe bango sumul, suka yi fenti. Sun tambayi fasto, sun tambayi ɗan a waya, sun tambayi magini. Shi kaɗai ba su tambaya ba, don so suke su ba shi mamaki. Mu da ke layin muka yi ta sa albarka, babu wanda ya kawo komai a ransa.

Ranar da za a miƙa masa gidan aka taru. Ɗan ya zo. Matasa suka jeru suna waƙa, aka sauke shi a bakin titi. Wani ya kama masa gwiwar hannu, ya ture.

"Sake ni, ɗana. A nan ba a yi mini jagora."

Ya san ɗansa yana kallo. Ya bi gefen kwata, ya taɓa turken wuta, ya ɗan tsaya kamar yadda ya saba, sannan ya gangara da sauri. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake dakalin da babu shi, ya sunkuyar da kai, goshinsa ya daki bango. Har shagona na ji ƙarar. Waƙar ta mutu a bakin yaran ɗaya bayan ɗaya.

Bai ja da baya ba. Ya ɗora tafin hannu a kan bangon ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya shafa gefe da gefe. Jini yana gangaro masa ta gira. Sannan ya juyo da murmushi.

"Wa ya yi wannan shafen? Hannunsa yana da kyau."

Da ya zage su da ya fi mini sauƙi. Na koma cikin shago na zauna a bayan keke ina kuka ina jin haushin kowa, har da ita da ta koma don kujerun mutane.

Ɗan ya ce zai dawo ƙarshen wata ya ga yadda ake ciki. Mai Walda ya koyi sabuwar ƙofar, ba wuya ta yi masa ba. Amma kullum in rana ta yi sanyi sai ya fito, ya zagayo gaban gidan, ya tsaya a inda ƙofar take a da, kunnensa dab da bango. Ba ya motsi. Yara masu dawowa daga makaranta suka daina bi ta wannan gefen.

Wata rana na kasa haƙuri na tsallaka.

"Mai Walda, me kake yi a nan kamar mai gadin bango?"

"Yi shiru, maƙwabciya. Tana ciki."

Na ce, "Haba, ka ji tsoron Allah. Da hannunka ka zuba mata ƙasa."

"Na sani. Ban haukace ba. Amma tana ciki. Ga ta can tana jan kujeru tana mita. Maganar ce ba na ji sosai, bangon ya yi kauri."

"To ka zagaya ka shiga mana."

"In na shiga ta waccan sai ta yi shiru. Kin san halinta, ba ta sakin baki a gaban baƙo. Ta waccan ƙofar baƙo nake shiga."

Ni mace ce da ba ta yarda da tatsuniya, ko a coci in aka fara ba da labarin mafarki gyangyaɗi nake yi. Amma na kara kunnena a bangon nan. Ban ce na ji murya ba. Na ji wani abu kamar ana jan ƙarfe a kan siminti, sau ɗaya, gidan kuwa babu kowa. Na koma shago ban iya zura zare a allura ba har aka rufe kasuwa.

Injiniya ba ta daina zuwa layin ba ko da aikinsu ya koma wata unguwa. Takan tsaya a bakin shagona tana kallonsa, ta rame kamar ita aka yi wa rasuwa. Ran nan ta tsallaka ta durƙusa a gabansa.

"Baba, mun yi maka laifi."

"Wane laifi, 'yata? Kun ba ni gidan da ban taɓa mafarkinsa ba."

"Baba, in mun mayar da ƙofar inda take, kana so?"

Ya ɗauke kunne daga jikin bangon. Ya ce, "Zai yiwu?"

Magini ya ce wannan aikin banza ne, ruwa zai sake samun hanya. Ta ce za su zurfafa kwata su ɗaga bakin ƙofar. Wasu cikin matasan suka ce ga gidaje can ko rufi babu, za a ɓata rana a fasa bango mai kyau. Ta ce ranar hutunsu za su yi, wanda ba ya so ya zauna a gida. Duk suka zo. Wannan karon shi suka sa a gaba. Ya nuna da hannu, ya ce daga nan zuwa nan, tsayinta iya goshinsa. Har dakalin ya sa suka gina masa, ya ce a fasa masa kusurwar hagu. Yaran suka fasa sabon dakali da guduma ba wanda ya yi dariya.

Ranar da ɗan ya dawo babu waƙa, Injiniya ta hana. Aka sauke shi a bakin titi. Ya bi kwata, ya taɓa turke, ya gangara, ya tsallake, ya sunkuya, ya shige ko kafaɗarsa ba ta goga ba. Ɗan ya sauke ajiyar zuciya, ya share ido da bayan hannu.

"Shi ke nan," ya ce mini. "Inna, ki riƙa leƙa shi. Na bar shi."

Muka tsaya muna jira ya fito a yi murna. Bai fito ba. Daga inda nake ina hango bayansa a tsakiyar ɗakin, a tsaye, kansa a karkace. Na ji ya yi gyaran murya, irin wadda yake yi in ya dawo daga sayen igiya. Ya jira. Ya sake yi. Ya taka zuwa ƙuryar ɗaki, ya dawo, ya shiga ɗayan, ya dawo. Mu kusan talatin a waje, amma ba ka jin komai sai takun ƙafarsa.

Da ya fito sai na ga ya tsufa. Ya zauna a kan dakalin ya ɗora hannaye a gwiwa.

"Maƙwabciya, kina nan?"

"Ina nan."

"Ba kowa a ciki."

Na matsa na zauna kusa da shi.

"Da bangon yana nan, ina jin ta a bayansa," ya ce. Ya juya fuska wajen da yaran suke. "'Yata, toshe ƙofar nan zai yi wuya?"

Injiniya tana hawaye ta ce, "Ba wuya, Baba. Akwai sauran bulo. Yau ma sai mu gama."

Ya yi ta murza yatsu kamar akwai igiya a cikinsu. Yaran har sun fara duban inda baro yake.

"A'a, ku bar ta. Na riga na shiga." Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Allah ya yi muku albarka, kun yi aiki."

Sannan ya miƙa hannu cikin iska, abin da ban taɓa ganin ya yi a layin nan ba, ya jira har ɗansa ya zo ya kama.

"Je ka juyo da motar," ya ce.