Hannuwan Baba Jibrin Ba Su Rufu Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Litinin, 16 ga Oktoba, 2017, Allah ya karɓi ran Baba Jibrin a gidansa da ke unguwar Stapleton a nan Amurka, yana da shekara tamanin da takwas. Tun ranar ban samu natsuwa ba. In zauna in tashi, in hau jirgin ruwa zuwa Manhattan in dawo ba tare da na sauka yin komai ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko zuciyata ta lafa.

Baba, da yawa daga cikinmu mutanen zango da muka zo daga Kumasi da Akkara ba su san ko kai wane ne ba. Sun san wani dogon tsoho baƙar fatar Amurka da ke riga kowa zuwa sahun farko. Ba su san sunanka na yanka Luther Mabry ba, ba su san cewa a shekarun 1950 ka buga ƙwallon Amurka a gasar ƙwararru ba. Aikinka shi ne ka sheƙa da gudu, ka waiwayo, ka cafe ƙwallon da aka jefo maka daga nesa, alhali ka san wani ƙato na tafe zai make ka da ƙasa. Ka ce mini a lokacin hular kariyar ma ba ta da wani kirki, kuma in ka suma, ruwa ake watsa maka a mayar da kai fili. Yatsunka duk sun karkace, babu wanda bai taɓa karyewa ba. Ina tsokanarka cewa sun yi kama da citta, kana dariya.

Da aka gama da kai a ƙwallo, ka kama aiki a jiragen ruwan tashar St. George, kana cafe igiyar ɗaure jirgi. A nan ka ci karo da ni, sabon zuwa, ina rawar ɗari da rigar da ba ta san hunturu ba. Ka tuɓe kwat ɗinka ka yafa mini, ka wuce abinka. Haka kake. Ranar da aka kori 'yan'uwanmu masu talla daga titin Canal Street, a ɗakinka suka tara kayansu har ka rasa wurin shimfiɗa darduma.

Sai mantuwa ta zo. Ka manta hanyar masallaci, ka manta sunana, wata rana har 'yarka Nimatu ka tambaya ko ita wace ce. Amma ranar da lemo ya gangaro daga kan teburi, hannunka ya cafe shi kafin ya taɓa ƙasa, ko kallo ba ka yi ba. Na fita waje na yi kuka.

Kafin hankalin ya gushe ne ka ɗora mini nauyin da ke hana ni barci. Ka san ni ke wankan gawa a masallacinmu. Ka ce, "Moro, kai za ka wanke ni. Amma sai likitoci sun ɗauki ƙwaƙwalwata sun duba abin da dukan nan ya yi mata. Akwai masu buga ƙwallon yanzu, ko zai amfane su." Na ce to, don ban iya ce maka a'a ba.

Ranar da ka cika, dattawa suka taru ana shirin kai ka kafin la'asar, kamar yadda muka saba. Ni na tsaya a bakin ƙofa tare da Nimatu, muka ce sai an kai ka wurin likitoci tukuna. Alhaji Abdulai, wanda ya koya mini wankan nan da hannunsa, ya dube ni ya ce, "Moro, ka bari a yanka Musulmi? Wannan ba hanyarmu ba ce." Na ce, "Alhaji, wasiyyarsa ce." Ya ɗauki takalminsa ya fita. Sai ranar Laraba muka rufe ka. Alhaji ya zo jana'iza, ya yi maka salla, amma har yau in na gaishe shi da kai yake amsawa, kuma abin yana yi mini ciwo. Na tambayi malamai, wani ya ce na yi daidai, wani ya girgiza kai. Ban san wanda ya fi gaskiya ba, Baba. Abin da na sani shi ne na yi maka alkawari kana cikin hayyacinka.

Da aka dawo da kai daga wurin likitoci, na wanke ka a hankali, na rufe ɗinkin da ke kanka don kada kowa ya gani. Da na zo kan hannuwanka na yi ƙoƙarin haɗa yatsun, suka ƙi. Haka suka tsaya a buɗe, kamar kana jiran a jefo maka wani abu. Na bar su haka na naɗe ka a likkafani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Nimatu da 'ya'yanta, da jama'ar masallacinmu, har da Alhaji Abdulai, don na ga hawayensa a maƙabarta. Allah ya ba mu haƙurin rashi. In akwai laifi a jinkirin nan, ya Allah ka yafe mana, kada ka kama shi da shi. Allah ya jiƙanka, Baba Jibrin, ya haskaka kabarinka, ya mayar maka da duk abin da ka manta. Ranar da za a miƙa wa kowa littafinsa, Allah ya sa naka ya zo ta hannun dama. Na san ba za ka sake shi ba.