Matar da Ta Kai Coci Ƙarƙashin Bene

Da sassafe, kafin ruwan kofi ya tafasa a rumfata da ke kasuwar abinci ta Bedok, Anti Geok Choo ta riga ta zauna da jarida a hannu. Siyasa ba ta dame ta ba. Shafin sanarwar rasuwa take buɗewa, ta riƙa bin hotuna da yatsa tana kurɓar baƙin kofi marar sukari. In ta ga wanda ta sani, ko uwar wanda ta sani, sai ta ninke jaridar ta tashi, ta bar mini rabin kofi. Na sha yi mata tsiya cewa ita kaɗai ce a Singafo mai karya kumallo da matattu. Amsarta kullum ita ce masu rai duk suna sauri zuwa ofis.

Fiye da shekara talatin ke nan ita ce mai shirya zaman makoki a ƙaramin cocinmu. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin, domin gwiwoyi sun ƙi, kuma har yau ba wanda ya karɓa. Wannan ne ya sa ni, mai sayar da kofi, na ɗauki alƙalami.

Bari in faɗi gaskiya game da mu. Cocinmu ya tsufa. Ran Lahadi in ka leƙa daga baya, furfura ce layi-layi. 'Ya'yanmu ba faɗa suka yi da Allah ba, lokacinsa ne ba su da shi. In ka tambaye su addini, sai su ce su ba ruwansu, su mayar da ido kan waya. Dattawa sun sayo ganguna da fitilu masu launi don jawo matasa, abin da muka samu shi ne tsofaffi masu toshe kunne. Amma akwai wuri guda da ba mai ƙin zuwa, wato filin ƙarƙashin bene inda ake kafa farin tanti in an yi rasuwa. Manajan banki yana zuwa, yaron da ke kai saƙo a babur yana zuwa, wanda ya rantse ba zai taɓa taka coci ba ma yana zuwa ya zauna ya ɓare gyaɗa. Anti ta gane haka tun muna barci.

Aikinta ba mai ban sha'awa ba ne. Jera kujeru, dafa faten shinkafa, neman masu waƙa, nuna wa iyali inda za su tsaya. Ba ta hana maƙwabta kafa teburin majon, wasan caca na 'yan Sin, a gefe. Ba ta kwashe jan zaren da ake ajiyewa a faranti don baƙi su ɗauka su kore rashin sa'a, ko da yake wasu dattawanmu sun daɗe suna gunaguni a kai. Ta ce musu ita ba ta dogara da zare ba, amma ba za ta kunyata baƙo a kan zare ba. Ta kuma roƙi fastoci, ɗaya bayan ɗaya, su taƙaita wa'azi, domin mai makoki ba kifi ba ne da za a jefa wa ƙugiya.

Abin da na gani da idona shi ne rasuwar Madam Kwek. Tsohuwar ta karɓi baftisma ne a ƙarshen rayuwarta, kuma ta roƙa a yi mata jana'izar Kirista. Ɗanta Darren, mai aikin kwamfuta, bai yarda da kowane addini ba, kuma yana ganin mun yi wa uwarsa wayo ne da ta tsufa. Da ƙyar Anti ta shawo kansa, bisa sharaɗin ba za a dami danginsa ba.

Da yammacin rana ta biyu ta zaman makokin aka yi ɓaranɓarama. Kawu Boon Huat, tsohon direban bas wanda ke tsayawa a ƙofar coci kowace Lahadi yana sallamar mutane, ya ga gwaggon Darren za ta tafi. Baki ya saba. Ya kama hannunta da fara'a ya ce, "Mun gode, sai kin sake dawowa, sai mun sake haɗuwa." Ko yaron goye a nan ya san ba a faɗin haka a gidan makoki. Mutum yakan sulale ne ya tafi shiru, don kada a kira wata mutuwar. Gwaggo ta fizge hannunta, fuskarta ta yi fari. Kawu ya rufe baki da tafin hannu, amma magana zarar bunu ce.

Darren ya zo yana huci. Ya ce mu naɗe littattafan waƙarmu mu tafi, gobe zai kai uwarsa wurin ƙona gawa shi kaɗai, ba addu'a ba komai. Na ji tsoro ƙwarai, domin tsohuwar ba ta roƙi komai a duniya ba sai wannan.

Anti ba ta kare Kawu ba, ba ta kuma yi wa Darren wa'azi a kan camfi ba. Ta je wurin gwaggo ta sunkuya da waɗannan gwiwoyin nata, ta ba ta haƙuri, ta ɗauko jan zare da kanta ta ɗaura mata a yatsa, ta raka ta har bakin titi ba tare da sallama ba. Sannan ta dawo wurin Darren.

"Ɗana, laifinmu ne," ta ce. "In ka kore mu, za mu tafi. Kujerun dai ka bar su, baƙinka za su zauna. Faten ma yana kan wuta, ka ce a riƙa juyawa."

Darren ya sauko. Ya ce waƙa biyu kawai za a yi, kuma kada Kawu ya sake buɗe baki. Kawu ya amince da sauri, ya koma wanke kofuna har aka watse.

Washegari, kafin a rufe akwati, Anti ta dafa shi ta ce a hankali, "Yaya, sai mun sake haɗuwa." Darren yana kusa, ya ji.

"Anti, ba jiya kika ba da haƙuri a kan wannan maganar ba?"

"Ga masu rai ba a faɗa. Ita kuwa, ita ce kaɗai zan iya gaya wa a nan."

"Kin yarda da haka da gaske?"

"Da ban yarda ba, kana ganin zan ƙarar da gwiwoyina a ɗaukar kujeru?"

Kuma kada wani ya zaci zan ce Darren ya tuba, domin bai tuba ba. Har yau ba ya shiga sujada, in ka matsa masa sai ya yi maka dariya. Amma tun daga lokacin, duk rasuwar da aka yi, yakan taso daga aiki ya naɗe hannun riga ya jera kujeru, wani lokaci da abokansa. Ta bakinsa, mutanen nan sun riƙe uwarsa da mutunci.

Anti Geok Choo, ke ce ƙofar da ba ta da ƙyaure. Ke ce kika nuna mana cewa mutanen zamani ba su toshe kunne ba, sun gaji ne da masu magana kafin su zauna. Mu muna cikin gini muna jiran a zo, ke kika sauka inda suke, kika fara da ba su wurin zama. Ina ƙaunarki, kuma ina jin haushin yadda muka bar ki da wannan kaya ke kaɗai, muna yabonki daga nesa.

A makon jiya Darren ya je ya ce a ba shi makullin ɗakin kujeru, zai riƙe aikin har a sami wani. Dattawa sun zauna, sun tashi, sun sake zama, suna tattauna ko ya dace wanda ba mai bi ba ya riƙe makullin coci. Tambaya ce mai kyau. Tawa tambayar ita ce, cikinmu masu bi, wa ya nema? Ba ko ɗaya.

Mun gode, Anti. Allah ya ba gwiwoyinki hutu, ya saka miki da abin da ba za mu iya biya ba. Ku kuma 'yan'uwa, na cocinmu da na sauran, ku bar jiran taron dattawa ya ƙare. Akwai tanti a ƙarƙashin wani bene kusa da ku a yau ɗin nan, kuma wanda bai yarda da Allahnku ba ya riga ku zuwa. Ku je ku kama masa kujera.