Motar Katakon Yaya Ɗanladi

Ƙauyenmu yana kan tudu ne, kusa da Kwali, kuma abin da zan faɗa ya faru tun kafin kowa ya ji zancen gina babban birni a ƙasarmu. Daga bakin masussuka hanya take gangarawa, ta yi kwana a gindin wata tsamiya, sannan ta zube a yashin rafi. Da an gama haƙar doya, wannan gangara ta zama ta yara maza. Kowa ya harhaɗa motarsa ta katako, a turo shi daga sama, wanda ya riga isa yashi shi ne gwani.

Yayana Ɗanladi kuwa kallo ne nasa. Shan inna ya kama shi tun yana goye, ƙafafunsa suka shanye, da hannu yake jan jiki. Amma hannuwan nan ba na wasa ba ne. Shi ya ce mu ma mu yi tamu, ni Talatu in zama ƙafafunsa. Na roƙo tsohon akwatin sabulu a wurin mai tireda. Wani kafinta a Kwali ya yanka mana tayoyi daga guntun ɗorawa, don dai ya rabu da nacina. Ƙusoshi muka zare daga rubaɓɓen ƙyaure, Yaya ya miƙar da su a kan dutse. Tsohuwar taɓaryar Kaka muka raba biyu, kowane rabi ya riƙe tayoyi biyu. Na gaban ya ɗaura masa igiyar rama hagu da dama, ita ce sitiyari, muka shafe bakin tayoyin da man kaɗanya don kada su yi kuka.

Ranar da Baba ya gan ta a bayan rumbu, fuskarsa ta canja. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi wa Yaya, "Wanda yake da ƙafa in ta ƙwace masa ya yi tsalle. Kai fa? Gobe a faskara ta a sa a murhu."

Yaya bai ci tuwo ba ranar.

Kakarmu, mahaifiyar Baba, maginiyar tukwane ce. Bayan cin abinci takan hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta tura doya cikin toka, mu kewaye ta. Har yau in na ji ƙamshin gasasshiyar doya, hannuwanta nake gani, duk sun tsattsage da yumɓu. Hausarta a kasuwa ta koye ta, sai ta ce wa namiji "ita" ba ta damu ba, in labari ya yi zafi kuma ta koma yarenmu na Gwaranci ba ta sani ba. A yammacin nan Baba yana gefe, yana sa wa fartanya ƙota.

"Ga wata tana tafe," in ji Kaka, kamar yadda take buɗe tatsuniya, "wa zai tare ta?"

"Mu ne!" muka ce, ban da Yaya.

Ta ce a da can akwai wani babban tafki a kan dutse, ga gari a ƙarƙashinsa. Wata rana bakin tafkin ya tsage, ruwa ya fara tsiyaya, kowa ya ga in ya ɓalle zai cinye garin. Mazauna kan dutse suka ce a aika. Doki ya leƙa gangaren, ya ce shi ta zagaye zai bi. Barewa ta leƙa, ta ce ita ma haka. Kare ya bi bayansu. Zagayen kuwa wuni guda ne. Sai wani duma da ke kwance cikin ganye ya ce, "Ni ba ni da ƙafar da zan karya. Ku mirgina ni."

Uwar duma, wato yaɗon da ya haife shi, ta ƙanƙame wuyansa. Ta ce ba inda za shi, duwatsu za su farfasa shi. Nan Kaka ta sirantar da murya, ta yi maganar duma: "Inna, in kin riƙe ni, nan zan bushe, nan gara za ta ci ni, ba wanda zai san na zo duniya." Uwar ta yi kuka har ganyenta ya yi yaushi, sannan ta sake shi. Duma ya gangara, ƙwal, ƙwal, ƙwal, yana dukan duwatsu, ƙararsa ta fito da mutanen gari. Ya faɗa musu, suka kwashi yara da awaki suka hau tudu, ruwa ya zo ya tarar da kango. Shi kuwa duma ya rabe biyu. Wata tsohuwa ta ɗauki rabi ta ba jikanta ruwa, daga nan aka sami ƙwarya, shi ya sa ba gidan da ba ta.

"Nan ta zube," Kaka ta ce, "mai so ya kwashe."

Sai muka ji muryar Baba, ko kansa bai ɗaga ba. "Inna, ai dai ya fashe."

"Ya fashe mana," ta ce, tana juya doya. "Uwarsa ba ta da hannu. Kai da kake da hannu biyu, ba sai ka sa masa birki ba?"

Washegari ba a faskara motar ba. Baba ya fasa zuwa gona. Ya sassaƙa sanda mai kauri, ya kafa ta a gefen akwatin yadda in aka ja ta za ta ciji ƙasa, ya naɗe bakinta da yankin tsohuwar taya. Ya ƙara allo a baya don Yaya ya jingina. Sai da ya sa shi ya yi ta gwada birkin a tsakar gida har rana ta yi tsaka.

Ranar kasuwa da la'asar muka fita. Yara suka yi ta dariya, wani ya ce, "Mace ce za ta tura?" Na kafa hannu a allon baya, aka yi fito, na ruga da duk ƙarfina. Da muka kai bakin gangara sai yatsuna suka ƙi buɗewa. Yaya ya waiwayo ya daka mini tsawa, "Talatu, saki!" Na saki.

Sauran yara da suka doshi kwanar tsamiya, tsoro ya sa suka zuba ƙafa a ƙasa. Yaya ya ɗan taɓa birki, ya fizgi igiya da hannun nan nasa, motar ta karkata kamar za ta kife, ta dawo, ta wuce su duka. Sai ga Baba ya wuce ni a guje, hularsa ta faɗi bai tsaya ba. Kafin in isa rafi ya ɗora Yaya a kafaɗa, yana ce wa duk wanda ya gani, "Ɗana ne! Shi ya ƙera ta!" Kaka tana can sama tana rangaɗa guɗa.

Yaya ya zama kafinta a Kuje, ya aurar da 'ya'ya da wannan sana'a. Ni kuma na daɗe ina zaton duma ne gwarzon tatsuniyar. Sai da 'yata ta sami gurbin karatun jinya a Kaduna, na kafe na ce ba za ta yi nisa da ni ba. Ina kwance ina shirya hujjojina, sai na ji su a bakin uwar duma, ɗaya bayan ɗaya. Na gane Kaka ba ta taɓa zargin uwar nan ba. Ta bar ta ta yi kukanta, don tsoronta gaskiya ne. Abin da ta ƙi kawai shi ne tsoro ya zama igiya.

Na tashi na ɗinka wa yarinyar jaka, na nemo mata gidan 'yar'uwa da za ta sauka, na raka ta tasha. Da mota ta tashi, hannuna yana kan tagar. Wannan karon ba sai da aka daka mini tsawa ba.