Dokta Habibu, Mai Karatun Laka

Ina wankin mota a ƙofar gida a Lanham, nan Amurka, ranar Talata da hantsi, 'yata Hafsat ta fito da waya a hannu ta ce, "Baba, Dokta ya rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tsaya riƙe da tiyo, ruwa na zuba cikin takalmina.

Dokta Habibu malaminta ne a jami'a. Aikinsa kafa dogon bututu a gindin tafkunan da ke inda kogin Neja yake shiga teku, can gida, ya zaro laka, ya kawo ta nan, ya karanta ta hawa-hawa. Ni da karatuna ya tsaya a aji biyu na sakandare, bisa yardar juna tsakanina da malamai, na riƙe shi a zuciya tun kafin mu haɗu. Na kawo yarinya Amurka ta zama likita, shi ya mayar min da ita mai kwaɓa laka.

Ranar da ya zo gaishe ni na ce, "Dokta, a garinmu wasa da laka duka yake jawowa, ku nan digiri ake ba ku." Ya yi dariya har ya cire tabarau. Bai kare kansa ba, sai ya roƙe ni in kai masa bututu biyu ɗakin bincike a motata. A can ya tsaga ɗaya ya nuna min: "Alhaji, wannan ƙwanson koɗin ruwan gishiri ne, teku ya taɓa kawowa nan. Wannan baƙin ruɓaɓɓen ganye ne, teku ya ja da baya ke nan. Masu gidaje a bakin ruwa suna buƙatar sanin ko zai dawo." Na ɗaga ɗayan bututun kai ƙasa, ya zabura kamar na riƙe jariri ta ƙafa: "A'a, Alhaji, ka mayar da kakanni jikoki!" Yakan ce, "Ƙasa ba ta mantuwa, mu ne ba mu iya tambaya ba."

Ran da ya rasu Hafsat ta ce ta bar karatun, saura mata shekara guda. "Ai abin da kake so ke nan, Baba." Maganar ta soke ni.

A maƙabarta, wajen garin Manassas, ina cikin waɗanda suka saukar da shi. Jama'a na addu'a, ni kuwa, Allah Ya yafe min, idona na kan bangon kabarin: ja a sama, tsakuwa a tsakiya, baƙa a ƙasa. Na dawo gida na ce, "Hafsat, hawa uku na gani. Baƙar nan ta ƙasa, da fadama ce?" Ta yi dariya hawaye na zuba. "Wataƙila, Baba. Sai an duba." Na ce, "To, wa zai duba?"

Ranar Litinin ni na kai ta ɗakin binciken.

Allah Ya jiƙan Dokta Habibu, Ya sa ƙasar da ya girmama ta yi masa sauƙi, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya ba matarsa Hajiya da yara haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.